Abin da Na Gani a Bayan Gwaggo Tabawa

Allah Ya ara mini kwana har na kai ga wannan babi, kuma shi na fi so ku karanta da kyau, ku 'ya'yana da jikokina. Na san kun sha jin ana cewa uwarku ta tona asirin gawa. Ke Saude, a gidan biki aka fara jefa miki maganar, kika dawo kina kuka, kika ƙi gaya mini dalili, kina tsammanin ban gane ba. To ba ƙarya aka yi mini ba. Na faɗi abin da na gani a jikin mamaciya, a gaban maza, da rana tsaka. Abin da masu yawo da labarin suke tsallakewa shi ne abin da na gani ɗin, da kuma wadda na yi maganar dominta. Ga shi daga bakina, kada in mutu a bar ku da rabin zance.

Wankan gawa a wurin Iya na koya, mahaifiyar babanku. Lokacin da aka kawo ni Gwarzo daga Getso, duk macen da ta rasu a unguwarmu ita ake kira, ni kuma in bi ta ina zuba mata ruwa. Da ƙarfinta ya ƙare, aikin ya dawo hannuna. Iya ba mai yawan magana ba ce, amma abu ɗaya ta nanata mini har ya zauna: mai wanka hannu gare ta, ba ta da baki. Duk abin da kika gani, tabo ne, ciwo ne, wata tawaya ce da mace ta ɓoye tsawon rayuwarta, a ɗakin za ki bar shi ki fito. Na riƙe wannan shekara da shekaru. Na wanke matan masu kuɗi, na wanke na talakawa, na wanke waɗanda muka rabu ko gaisawa ba ma yi, kuma ko babanku bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakina ba. Na faɗi wannan ne don ku san sakin baki ba halina ba ne.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wani gidan gajiyayyu a kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo. Wani attajiri, Alhaji Garba, shi ya gina, ya ce sadaka ce ga mahaifiyarsa. Tsofaffin da ba su da mai duba su ake kaiwa, makafi da masu shanyewar jiki da waɗanda tsufa ya taɓa wa hankali. Da farko mutane sun yi ta tsaki, don a wurinmu kai tsoho gidan wani abin kunya ne. Amma kowa ya san akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka riga ta, akwai wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ni kaina na sa wa Alhaji albarka. In ka wuce a mota za ka ga katanga mai koren fenti da shukoki a bakin ƙofa. Duk azumi yakan kawo baƙi daga Kano, a fito da tsofaffin a jera su a baranda cikin sababbin atamfofi, a ɗauki hoto a watsa a waya. Mu kuma muna kallo muna cewa Allah Ya saka da alheri.

Wata safiya cikin damina aka aiko mini cewa an yi rasuwa a gidan, wata tsohuwa 'yar Madadi mai suna Gwaggo Tabawa, kuma ba ta da mace a dangi da za ta suturta ta. Wanda ya tarbe ni Malam Ilu ne, ƙanin matar Alhaji, shi yake riƙe da makullan gidan duka. Ya buɗe sito a gabana. Na ga sabulu kwali-kwali, na ga katifu cikin ledarsu an jibge har kusa da rufi, na ga zannuwa a ninke ba a taɓa su ba. Ya zaro sabulu sabo da turare da kafur da likkafani fari tas, ya sa aka sayo ruwa wajen 'yan ga-ruwa aka ɗora a wuta.

"Inna Hansai, duk abin da ake buƙata ga shi," in ji shi. "Alhaji ba ya wasa da haƙƙin mamaci."

Na ce Allah Ya ba da lada. Ya nuna mini hanyar ɗakunan baya da hannu, amma shi bai biyo ni ba.

Tun kafin in isa zarni ya tare ni, irin wanda yake sa ido ya kawo ruwa. An sa turaren wuta a tsakar gida, sai ya haɗu da warin ya zama wani abu dabam da ya fi warin muni. Wadda na tarar a bakin ɗakin Rahila ce, Kirista 'yar Kudancin Kaduna, mijinta yana koyarwa a Kabo. Ita kaɗai aka ɗauka ta kula da ɓangaren mata duka. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce kwasar bahaya. Hannayenta duk sun tsattsage. Na lura da wani ƙaton kwaɗo a rataye a ƙofar, ta waje, sai na tambaye ta na mene ne.

"In na tashi aiki da yamma Malam Ilu yake kulle su, Mama. Wai kada su fita su ɓata. Sai na dawo da safe ake buɗewa."

"In wata ta faɗi fa? In wuta ta tashi?"

Ta sunkuyar da kai. "Haka na same ta yau. Ban san lokacin da ta cika ba. Su suka gaya mini ta daɗe tana neman ruwa."

Na shiga. Tsofaffi ne kwance a ƙasa, kowace a kan leda, ledar a kan siminti. Rufin yana yoyo ta gefe ɗaya, an tara masa roba ta cika tana malala. Banɗakin ya toshe tun tuni, babu inda za a yi wankan, dole muka ɗaura zane a kusurwar ɗakin ya zama labule. Rahila tana miƙo mini ruwa ta bayansa. Na ɗaga Gwaggo Tabawa ni kaɗai, don ba ta fi damin kara nauyi ba. Da na zo kwance kitsonta, gashin ya dunƙule ya zama abu ɗaya, kwarkwata tana bi ta ciki. Na daure na yi bisimilla na ci gaba. Sai na juya ta, ledar da take kai ta biyo fatarta. Daga kafaɗa har ƙugu gyambo ne, a wani wurin har ana ganin ƙashi, kuma akwai tsutsa a ciki. Na wanke gawa iri-iri, na ga aikin ciwon daji, na ga aikin wuta, ban taɓa zama daɓas a ƙasa ba sai ranar. Waɗancan ƙaddara ce. Wannan kuwa aikin mutum ne, na sani, don na yi jinyar Iya a kwance har ta rasu babu ko ƙwarzane a bayanta. Mutum ne aka bari cikin fitsarinsa ba a juya shi, ba a wanke shi, ba a canja masa shimfiɗa. Ga katifu can a sito suna jiran baƙi. Ga sabulun da aka hana ta tana da rai, yau an ba ni shi in goga mata a kan gyambo. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ina cikin wankan sai na ji wata murya ta bayan labule, siririya amma a natse.

"Wace ce mai wankan?"

"Hansai ce, Gwaggo, matar Malam Audu tela."

"Surukar Iya Mairo? Allah sarki. Tare muka yi kasuwar daddawa da ita a Getso. Ni Dije ce, daga Masanawa. Ba na gani, 'yar nan, amma ina jin yadda kike zuba ruwan, hannunki da sauƙi. Ina da roƙo."

"Faɗi, Gwaggo."

"In an kira ki nawa, ki bi bayana a hankali. Shi ma ya fara."

Haka ta faɗa, kamar mai ba da sautu kasuwa. Da na gama suturta mamaciya na leƙo na ɗaga zanenta. Gaskiya ta faɗa, bayan ya yi ja, ya buɗe a wurare biyu. Mace da ranta da hankalinta, ba ta roƙe ni magani ba, ba ta roƙe ni abinci ba, ta riga ta san babu. Wankan gawarta take shiryawa. Rahila ta rako ni har bakin ƙofa ta kama gefen mayafina.

"Mama, na faɗa wa Malam Ilu har na gaji. Burtsatse ya lalace tun kafin azumi. Kayan sito ya ce sai Alhaji ya ba da izini. Ni in na ɗaga murya, cewa za a yi me ya kai Kirista cikin sadakar Musulmi. Ke za su saurare ki."

Na ce mata ni ma ba ni da baki, kuma na fito ina jin kunyar abin da na faɗa.

Da na dawo gida ban iya cin abinci ba. Babanku yana kan keken ɗinkinsa a zaure. Kun san shi, mutum ne da sai ya gama layin ɗinki kafin ya amsa magana. Ban gaya masa abin da na gani ba, tambayarsa kawai na yi.

"Malam, in mai wanka ta ga abin da ya kashe mamaci, kuma ga shi zai kashe mai rai, ta yi shiru?"

Ya tsayar da keke. "Me Iya ta ce miki?"

"Ta ce a ɗakin ake barin abin da aka gani."

"Don kada mamaci ya ji kunya ta ce haka. Wannan da kika gani, kunyar wane ne?" Sannan ya ƙara, "Amma ki sani, Hansai, mutanen gari ba za su tsaya su bambance ba. Ki fara bi ta cikin gida."

Na bi shawararsa, kuma ina so ku riƙe wannan, don masu cewa na nemi suna ne ba sa faɗarsa. Washegari na tafi gidan Alhaji Garba. Aka ce yana da baƙi. Na shiga wajen Hajiya matarsa, muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi gajiya, sannan na ce mata akwai tsofaffi a gidan can da suke ruɓewa da ransu, a fito da katifu, a gyara ruwa, a cire kwaɗo. Ban ambaci gawa ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ilu ƙanina ne, ni na raine shi, ba zai yi haka ba. Tsufa ne, Inna. Kuma ni a sanina mai wanka ba ta fitowa da zance."

Ta sa aka ɗauko mini turmin atamfa. Na bar shi a kan kujerarta na fito.

Sadakar uku a gidan gajiyayyun aka yi ta, a barandar nan ta hoto. Alhaji ya kawo shinkafa da waina, ga liman, ga dattawa daga Gwarzo da Kabo sun cika tabarmi, babanku ma yana can gefe. Mu mata muna ciki. Wallahi da niyyar yin shiru na je, na ce in an watse in sake neman Alhaji a keɓe. Sai bayan addu'a wani dattijo ya gyara murya ya ce Tabawa ta yi sa'a, ba ta da ɗa ba ta da jika, amma ta cika a hannun masu tausayi, cikin gata. Aka amsa da amin. Daga inda nake zaune ina hango kwaɗon nan a ƙofarsa. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ganina na yi a bakin baranda, na ja mayafi na yi sallama.

"Ni na wanke ta. Ba cikin gata ta cika ba. Bayanta gyambo ne da tsutsa, a kan leda take, a kulle ta mutu tana neman ruwan sha."

Liman ne ya fara magana, ransa a ɓace.

"Subhanallahi! Hansai, ki ji tsoron Allah. Ke ce za a koya wa cewa ba a faɗin abin da aka gani a wanka?"

"Allah gafarta Malam, na sani. Da aibinta ne da na tafi da shi kabari. A jikinta yake, amma ba nata ba ne, na masu gidan nan ne. Kuma akwai wadda nata ya fara, tana can tana jin mu. Kada ku yarda da maganata. Ɗakin ga shi nan, ku tashi ku shiga ku gani."

'Ya'yana, wannan ne abin da har yau in na tuna zuciyata take tafasa. Ko mutum ɗaya bai tashi ba. Wannan ya duba ƙasa, wancan ya ja carbi, wani ma ya ci gaba da cin wainarsa. Mutanen da suka bar gonakinsu cikin damina suka zo yi wa matacciya addu'a, an ce su taka tsakar gida su duba mai rai, ƙafa ta yi musu nauyi. Daga baya wasu sun ce ai Alhaji bai sani ba, Ilu ne ya ci amanarsa. Wataƙila haka ne. Amma mutum ya gina gida, ya zuba tsofaffi a ciki, ya karɓi albarkar gari duka, bai taɓa wuce baranda ba? Wannan rashin sanin ya fi sanin ba ni haushi. Alhaji ya miƙe.

"Na ciyar da su, na tufatar da su, danginsu sun yar da su na tsince su. Wannan ne sakayyata?"

"Alhaji, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"To tunda kin fi ni tausayi, ɗauke ta ki kai gidanki!"

Ya faɗa ne don ya rufe mini baki, kuma ya kusa rufewa, don gidan ba nawa ba ne, kuma kun san yadda muke a lokacin, abin da keke ya ɗinka shi muke ci. Sai na ji motsi a gefen tabarma. Babanku ne yake sa takalmi.

"Ɗakin Iya babu kowa a ciki," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Ba a yi mako ba aka kori Rahila, aka ce ita ta zuga ni. Na je Kabo na ba ta haƙuri, ta yi dariya ta ce ko ba komai yau ta yi barci. Na ji an cire kwaɗon, an gyara burtsatse, an fito da wasu katifu daga leda. Ko hakan ya ɗore ban sani ba, don ba a sake barina na taka gidan ba, in an yi rasuwa daga nesa suke ɗauko mai wanka wadda ba ta san kowa ba. Akwai tsofaffin da na bari a ɗakin nan, ina tuna fuskokinsu, kuma ban san yadda suka ƙare ba. A unguwa kuwa babu wanda ya zage ni a fuska. Kawai dai aka daina aikowa. Sai in ji salati a maƙwabta, in ɗauki mayafi in zauna jira, sai in ga an wuce ƙofata an tafi kiran wata. Aminiyata da muka yi zaman shekaru tare, da ciwo ya kwantar da ita ta bar wasiyya cewa kada Hansai ta taɓa ta. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Aikin da Iya ta damƙa mini, a hannuna ya mutu. Amma ban yi nadama ba, kuma kada in ji ɗayanku ya ba wani haƙuri a madadina.

Wannan duk daga baya ne. A ranar, ana watsewa na shiga ɗakin na durƙusa kusa da Gwaggo Dije, na tambaye ta ko za ta bi ni, don ba kaya ba ce da za a ɗauka ba a tambaya ba. Ta ce ta ji duk abin da aka yi, kuma ba ta so ta zame mini nauyi. Na ce nauyinta bai kai na tulu ba. Babanku ya nemo a-daidaita-sahu, muka kwantar da ita ta gefe a kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai ta cije leɓe, har muka isa Gwarzo.

Na shimfiɗa mata katifar Iya. Na hura wuta na ɗora tukunya, na ɓare sabulu sabo, na sirka ruwan a baho na shigo da shi ɗakin yana tururi. Ina ajiyewa ta ɗaga kai tana shinshinawa, fuskarta ta canja.

"Hansai, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Gwaggo."

"To wannan ruwan zafi da sabulu na wane ne?"

"Naki ne."

Ta laluba da hannu har ta taɓa bakin bahon.

"Da raina?"

Na tsoma tsumma a ruwan na kamo hannunta.